Ƙwallon rimok da makullin sabuwar mota

Shekarun baya, lokacin da kuɗin mai ya buɗe a Libiya har kowane saurayi a Damagaram yake mafarkin ƙetare sahara, ina tuƙi a Sabha wajen wani Balarabe ɗan kwangila, mai kafa injinan ban ruwa a sababbin gonaki. Ina da wata tsohuwar kat-kat, wato mota mai jan ƙafa huɗu, ina ɗaura mata ƙaramar tirela mai taya biyu wadda mu mutanen Nijar muke kira rimok, in kai inji ko bututu duk inda aka haƙa rijiya. Shekara bakwai ina wannan aiki, har maigida ya daina kiran sunana, sai dai "usta", ma'ana gwani. Ba zan ɓoye muku ba, sunan nan ya fi albashin yi mini daɗi.

Akwai abokina, unguwarmu ɗaya a gida, na girme shi da shekara uku. Na tsince shi a unguwar Jadid, nan cikin Sabha, yana tsaye cikin masu jiran aikin yini, duk ya rame. Na kawo shi ɗakina a unguwar Manshiya, na roƙa masa aiki, ni na koya masa tuƙi a filin bayan garaji. Laifinsa ɗaya, mutum ne mai shiga rai. Cikin wata shida ya iya Larabci har yana ba maigida dariya, ni kuwa shekara bakwai ban wuce "kwayyis" da "yalla" ba. In aka dafa shayi, sai ka ji an ce ina wane, ya zo ya zauna. Ni ma ana ba ni, amma a tsaye nake sha.

Sai ga labari maigida ya sayo sabuwar kat-kat daga Tarabulus. Ban tambayi kowa ba, na yanke wa kaina hukunci tawa ce. Har na je kasuwa na sayo sabon rawani da baƙin tabarau, na tsaya gaban madubin mai shago ina gwada yadda zan riƙa leƙowa ta taga. Ranar da motar ta iso, fara sol, kujerunta da leda, maigida ya fito yana kaɗa makulli, ya wuce ni, ya jefa wa abokina. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai usta, tsohuwar nan ba mai iya mata sai kai." Ya ce gobe za a kai babban inji wata gona mai nisa. Abokina zai ja rimok da sabuwar mota, ni in bi shi a baya da bututu. In ya kai lafiya, motar ta zama tasa.

Na yi murmushi na ce Allah ya sa alheri. Ban ci abincin rana ba.

To bari in ɗan yi muku bayani, don ku gane abin da na aikata. A bayan motar akwai wani faifan ƙarfe mai ramuka jere daga sama zuwa ƙasa, a jikinsa ake ɗaure ƙwallon ƙarfen da bakin rimok yake hawa. Ana iya kwance noti a ɗaga ƙwallon ko a sauke shi. Abin da ake so shi ne rimok ta tsaya daidai, kada hancinta ya kalli sama, kada ya duƙa ƙasa. Ni na koya wa abokina awon: ka sami reshen dabino, ka auna gaban rimok daga ƙasa, ka yi alama, ka je baya ka auna, in sun zo ɗaya shi ke nan. Abu ɗaya ne ban taɓa gaya masa ba, kuma ba da gangan ba. Ba a awo sai an gama loda motar. Tsohuwata an ƙara mata sifirin, ko me ka ɗora mata ba ta motsi, saboda haka maganar ba ta taɓa tasowa ba. Sabuwar kuwa bayanta laushi gare shi, tun ranar da ta iso na danna da hannu na gani.

Da safe na tarar da shi durƙushe a kan simintin garaji da reshen dabinonsa, yana ta awo, mota ba komai a cikinta. A gefe ga tano biyu, wato duro, na man gas, ga jarkokin ruwa, ga buhunan siminti, duk suna jiran a zuba su a bayanta. Ya ɗaure ƙwallon a rami na uku, ya auna gaba, ya auna baya, ya ɗago yana share zufa.

"Yaya, dubo mini. Ya yi?"

Na san in aka loda kayan nan bayan motar zai sauka kamar yatsa huɗu. Na san rami biyu ya kamata ya ƙara sama. Aikin minti goma ne, sifana tana aljihuna. Maigida yana tsaye a ƙofar ofis da kofin shayi yana kallonsa, irin kallon da bai taɓa yi mini ba.

Na ce, "Ya yi."

Abin da na gaya wa zuciyata shi ne, ai ba wani abu zai faru ba. Motar za ta ɗan yi masa rawa a hanya, ya ji tsoro, ya tsaya, in zo in gyara a gaban kowa, labari ya koma wa maigida. Har na shirya maganar da zan yi, a hankali, ba fahariya, irin ta manya.

Aka loda kaya. Bayan motar ya zauna, hancin rimok ya duƙa, ba wanda ya lura sai ni. Sannan wani dattijo magini, mutumin wajajen Tawa, wanda zai gina dakalin injin, ya hau baya ya zauna a kan buhunan siminti. Abokina ya ce masa ya shigo gaba, ya ce a'a, shi iska yake so. Ban sa shi cikin lissafina ba. Na buɗe baki, na ga maigida yana ɗaga wa abokina hannu, na rufe.

Azabar ita ce ni ke biye da su. Tun daga fitarmu Sabha idona yana kan rimok ɗin nan. A kan kwalta na ga gaban motar ya yi sauƙi, tana ɗan kauce wa layi, abokina yana ta kokawa da sitiyari. Kuma Allah ya gani, a farko daɗi na ji. Ina cewa a raina, yawwa, ɗan shayi, yau ka gaya mata da Larabci ta miƙe. Na jira ya tsaya, bai tsaya ba. Ashe shi yana ganin haka sabuwar mota take, tunda Yaya ya ce ya yi.

Da muka bar kwalta muka shiga hanyar ƙasa, sai daɗin ya fara guduwa. Ina ganin ƙarfen rimok yana shafar tudun tsakiyar hanya yana tayar da ƙura. Dattijon yana ɗago mini hannu yana dariya. Na kai hannu kan oda sau biyu, na fasa, don in na tsayar da su yanzu za a ce me ya hana ka faɗa tun a garaji. Sai muka iso wani kwari mai gangara. Motar ta sauka ta fara hawa, bakin rimok ya caki ƙasa. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Motar ta tsaya cak, dattijon ya tashi sama ya faɗo a kan duwatsu.

Injin ban ruwan bai yi komai ba. Hannun dattijon na dama ne ya karye a wuyan hannu, ya lanƙwashe yadda ban so in tuna. Abokina ya fito, ya durƙusa yana cewa, "Baba, ka yafe mini, Baba, ni ne." Tsohon yana cije leɓe ya ce, "Bari kuka, ɗiyana. Ƙaddara ta. Mi ka yi? Ba ka yi komi ba." Ni na yage sabon rawanina na ɗaure masa hannun. Ni kuma na ɗauko sifana na ɗaga ƙwallon rami biyu, rimok ta tsaya daidai. Minti goma, kamar yadda na ce.

Da muka dawo, abokina bai jira an tambaye shi ba. Ya ce wa maigida shi ya yi awo, shi ya kuskure, kuma ba don Yaya ya gyara ba da ba mu iso ba. Bai ambaci cewa ya tambaye ni ba. Maigida ya karɓi makullin ya miƙo mini, ya ce dama ya san ƙarfe sai tsohon hannu. Na karɓa da hannu biyu. Shekara huɗu na tuƙa motar nan, kuma kada in yi muku ƙarya in ce ban ji daɗinta ba, mota ce ta gaske. Sai dai ban taɓa iya duba madubin baya in ga mutum zaune a kan kaya ba, ko wane ne sai na sa shi ya shigo gaba.

Dattijon an ɗora masa hannun, amma bai ƙara riƙe cokalin gini ba. Bayan wata biyu ya hau babbar mota ya koma gida. Abokina ya bar tuƙi, ya shiga wani garaji a Manshiya ya koyi walda. Ku ji ikon Allah, faifan ƙwallon rimok ya riƙa ƙerawa, mai ramuka da yawa, kuma ba ya yarda ya ɗaura wa kowa sai an kawo motar da kayanta. Direbobi suka riƙa layi a ƙofarsa, Larabawa suna kiransa usta. Na sake jin abin nan ya taso mini a ƙirji, tsohon ciwo, kamar bai koya mini komai ba.

Sai da muka tsufa, mun dawo Damagaram, muna zaune a ƙofar gidansa bayan la'asar, na gaya masa. Na ce na gani, na sani, na ce ya yi. Sannan ya ce, "Yaya, nawa na yafe, duniya da lahira. Kai ka ɗauko ni daga bakin titi. Amma hannun Baba ba nawa ba ne, ba ni da ikon yafe shi."

Na ce to ina zan sami dattijon. Shekara biyu muna aiki tare da bawan Allahn nan, ban taɓa tambayar sunan ƙauyensu ba. Abokina ya sani. Ya ce shekarar da ya fara zuwa gida sai da ya bi ta can, ya kwana biyu, ya sake neman gafara, tsohon ya sa masa albarka da hannun hagu. Ya ce tsohon ya rasu da daɗewa.

Mutane suna ɗauka hassada sai ka yi wa wani mugun abu da hannunka. Tawa ba ta ɗaga ko yatsa ba, kalma biyu kawai ta faɗa, kuma ba a kan wanda na nufa ta sauka ba. Yau in na ga yaro yana aiki ba daidai ba, ko ban san shi ba sai na tsaya na gaya masa, har 'ya'yana suna cewa na cika shisshigi. Su yi ta faɗa. Amma tunda na ɗauki alkawarin gaya muku gaskiya, ga sauran. A ranar nan, ina zaune kusa da abokina, kunya ta rufe ni, kuma a ƙarƙashin kunyar sai na ji hassadar tana nan da ranta. Shi da bai yi laifi ba ya je ya nemi gafara, an ba shi. Ni mai laifin ban samu ba, kuma babu sauran inda zan je in nema. Har a wannan ma ya riga ni.