Tafintar da Na Yi wa Isaka

Yau a unguwar Maamobi na ga wata mata ta ɗaure buhu da ƙullin ma'aikatan jirgin ruwa. Ta ce kakanta Isaka ya koya mata. Na san Isakan nan.

Farkon buɗe tashar jirgin ruwa ta Tema, ni nake samo wa jirage ma'aikata daga unguwar Nima, ina musu tafinta. Isaka ya fi kowa sanin inji. Da zai bar aiki, kyaftin ɗin jirginsu, wani Bature, ya ce mini, "Tambaye shi me zai tsayar da shi."

Isaka ya ce, "Yaya, wurin sallah kawai, da minti goma."

Na ji kunyar faɗa wa Bature haka. Na ce, "Ƙarin albashi yake so."

Kyaftin ya ƙi. Isaka ya ƙare da dako a kasuwar Makola, har ya rasu yana ganin laifin Bature.

Jama'a, in gaya wa jikarsa?