Inda muka bar ƙanwata

Layin da gidanmu yake a Birnin Kudu, a da ko mai tallan gyaɗa ba ya wahalar da kansa ya shigo. Da aka ba mu jihar Jigawa, manyan ma'aikata suka dawo daga Kano, suka ga wurin ya yi musu. Kafin ka ce kwabo benaye sun tashi, kantunan atamfa da turare sun jeru, ga gidajen abinci inda ake ba mutum wuƙa da cokali mai yatsu don ya ci shinkafa. Ni na matsa wa Inna muka sayar da gidan bayan rasuwar Baba, muka koma Gwaram wurin kawuna. A lokacin gani nake na fi kowa wayo.

Ƙanwata ce ban tuna da ita ba. Kwana huɗu ta yi a duniya, ko suna ba a kai ga yi ba, aka binne ta a bayan ɗakin Inna, kamar yadda ake yi wa jarirai a da. Inna ba ta taɓa tayar da maganar ba sai da ganinta ya fara raguwa. Wata safiya ta ce, "Ka kai ni in yi wa yarinyar nan addu'a tun ina ganin ƙasa."

Muka hau motar haya. Gidanmu ya zama gidan abinci, gilashi ta ko'ina, tsakar gida an rufe shi an shimfiɗa tayil. Mai wurin, wani Alhaji mai fara'a, ya saurare ni har ƙarshe. Na so a ce wulaƙanta mu ya yi, in sami wanda zan ji haushi ban da kaina. Sai cewa ya yi, "Inna, gidanki ne, duba duk inda kike so."

Ta nemi rijiya, an cike ta. Ta nemi bishiyar lemun tsami, babu ko kututture. Ƙofar ma an mayar da ita wani ɓangaren. Tana ta juyi a tsakanin tebura da sandarta, masu cin kaza sun ajiye cokula suna kallo. Can ta kama hannuna.

"Kai ka zagaya da masu awon fili. Nuna min."

Wallahi ban sani ba. Kunya ta hana ni faɗa, na nuna wata kusurwa kusa da firijin lemo. Ta lallaba ta durƙusa, ta ɗora tafinta a kan tayil ɗin, ta daɗe tana addu'a. Ni kuwa ina tsaye a kanta, ban taɓa tsanar kaina kamar ranar ba.

A mota, da muka kusa Gwaram, ta juyo gare ni.

"Ba nan ba ne," in ji ta. "Ban san inda take ba, amma ba nan ba ne."

Na ce, "To Inna, me ya sa kika durƙusa?"

Ta gyara mayafinta, ta ce, "Mutane suna kallonka. Ɗaya ta riga ta ɓace min, in kuma tsaya in kunyata wanda ya rage?"