Katakon Kudu

Duk wanda ya sayi ƙuli-ƙuli a unguwar Barkin Sale ta Minna ya san Inna Sa'adiya, matar marigayi Ndakotsu. Ba ta da yawan magana. In aka ambaci ɗanta Kudu, wanda shan-inna ya shanye wa ƙafafu, amsarta ɗaya ce: “Allah Ya jiƙansa, shi ba mai son fita ba ne.”

Ba haka abin yake ba. Kudu yana da shekara goma sha bakwai ya haɗa katako da tayoyi huɗu. Ya zauna a kai, ya sa silifa a hannu, ya tura kansa har filin da guragu ke buga ƙwallo da hannu. Wata rana maƙwabciya ta ce, “Na ga ɗanki bakin titi, ko ya fara bara ne?” Ranar Inna ta ɗora katakon bisa rufin kicin, ta ce masa an sace. Bai yi musu ba. Bayan shekara biyu zazzaɓi ya tafi da shi. Tun daga nan, in tana murza gyaɗa da hantsi, takan ji gurrr na tayoyi ta bayanta. Ta waiwaya, ba kowa.

Bara 'yarta Husna ta haihu a Ingila, aka kai Inna jego. Wata Asabar mijin Husna ya kwashe su zuwa wani babban zaure. Mutane a keken guragu suna jefa ƙwallo a raga, sannan wata mai ƙafa ɗaya ta yi rawa, jama'a suka miƙe suna tafi. Jikoki sai ihu suke. Inna kuwa ƙarar tayoyin nan kawai take ji.

“Inna, kin ga mai jar rigar can? Kafaɗunsa sak na Yaya Kudu,” in ji Husna. “Da dai shi mai son fita ne...”

Inna ta damƙe carbinta. Shekara ashirin tana tsoron ranar da Husna za ta sani.

“Yana so,” ta ce. “Ba a sace katakon ba. Ni na ɓoye.”

Husna ta juyo ta kalle ta.

“Na sani, Inna. Ba ni na riƙe miki tsani ba? Kin ɗauka don ina ƙarama na manta? Shi ma ya sani. Ta taga yake kallonmu.”

Da Inna ta dawo Minna, ta sa aka sauko da katakon. Gara ta ci rabinsa, tayoyin sun yi tsatsa. Ta wanke shi, ta jingina kusa da turmi. Yanzu in mai saye ya tambaya, takan ce, “Na Kudu ne. Ɗan ƙwallo ne, ni na hana shi.”

Ƙarar ba ta daina ba. Sai dai ta bar waiwaye, takan ɗan janye ƙafarta ta ba shi hanya.