Baka na Uku da Muka Yi wa Sarkin Baka

Ban taɓa mantawa da ranar Talatar da Sarkin Baka ya dawo mana da baka karo na biyu ba. A shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira ne, bayan an gama girbin dawa. A lokacin na yi shekara goma sha shida ina aiki a zauren Malam Tanimu mai baka, cikin birni, kusa da Ƙofar Galadima. Yanzu da ajin yaƙi da jahilci ya sa na iya riƙe alƙalami, na ga ya kamata in rubuta wannan domin ku da kuka shigo sana'ar bayanmu.

Aiki a zaurenmu hawa uku ne. Sabon shiga kyauro yake gyarawa, wato karan da ake yin kibiya da shi. Na hawa na biyu shi ke sassaƙa itace da gizago, ya kankare da wuƙa. Hawa na uku shi ne ɗaura tsirkiya da daidaita lanƙwasa, kuma Malam kaɗai ke yin sa. Ni ina hawa na biyu. Itacen da muke amfani da shi dargaza ne. Ana saro shi bayan damina, a ɓare, a rataye a saman murhu ya sha hayaƙi shekara guda. Saboda haka in itacen bana ya ƙare, ya ƙare ke nan sai baɗi.

Sarkin Baka shi ne shugaban mafarautan ɓangarenmu, dattijo ne mai faɗin ƙirji. Al'adarsu ita ce kafin a fita farautar rani, sai a taru a bayan ganuwa, a rataye ƙwarya a jikin wata kuka, shi ya fara harbi. In kibiyarsa ta faɗi ƙasa ba ta kai ba, ba wanda zai ce masa uffan, amma daga ranar mutane za su fara bin bayan wani. Wanin kuwa kowa ya san shi: mataimakinsa, Audu Dogo.

Ranar Talatar ya shigo ya ajiye bakan a gaban Malam, ya ce, "Tanimu, wannan ma mataccen itace ne. Ba ya tura kibiya."

Malam ya ce, "Sarki, irin wanda na yi maka shekara goma da suka wuce ne, kauri ɗaya, tsawo ɗaya."

"To itacen yanzu ne ya lalace. Taronmu ran Asabar ta sama. In ba za ka iya ba, an ce akwai mai yi a Gyallesu."

Na san abin da Malam yake gudu. In Sarkin Baka ya koma Gyallesu, duk mafarauta sun koma. Da ya fita na ɗauki bakan na taka, na ja. Lafiyarsa ƙalau. Da ƙyar ma na kai tsirkiyar kunnena.

Aka kira azahar. Na tsaya wanke man kaɗanya daga hannuna, na makara, na shiga masallaci ana tayar da sallah. Sahun da na samu yana bayan Sarkin Baka daidai. Da ya ɗaga hannu zai yi kabbara, hannun hagu ya kai kunne, na dama ya tsaya a ƙirji, ya ɗan karkata kafaɗa kamar mai jin zafi. Allah ya gafarta mini, rabin sallar nan kafaɗar dattijon nake tunani.

Da muka koma zaure na ce, "Malam, ba itace ba ne. Kafaɗarsa ce ta dama. Ba ya iya jan tsirkiya har ƙarshe, shi ya sa kibiya ke faɗuwa."

Ya dube ni ya ce, "To tashi ka je ka gaya masa ya tsufa."

"Ba sai an gaya masa ba. A ba ni itacen nan na ƙarshe in gwada."

Sanda ɗaya ce mai kyau ta rage a saman murhu. Malam ya ce, "Sale, ka san abin da kake roƙo? In ka ɓata ta, ba mu da wata."

Na yi masa bayani. Mutane faɗin baka suke kallo da kaurin mariƙi. Ƙarfin baka kuwa yana cikin kaurinsa daga baya zuwa ciki. In na bar faɗin yadda yake, na rage cikin, wato gefen da ke fuskantar mai harbi, na ƙara tsawo kamar tafin hannu, zai yi laushin ja amma ido ba zai gane ba. Kuma baka mai laushi da aka ja har kunne ya fi mai tauri da aka ja rabi nisan harbi.

Malam ya ce, "Wato za ka yi wa dattijo ƙarya da itace."

Na ce, "Baka ya ce a yi masa wanda zai tura kibiya, Malam. Shi zan yi."

Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Ɗauko. Amma in ya dawo da shi, kyauro za ka koma gyarawa, da furfurarka da komai."

Kwana tara na yi a kan sandar nan. Ban taɓa bayanta da wuƙa ba, domin in aka yanki bayan baka, nan zai karye. Cikin nake kankarewa kaɗan-kaɗan, abin da ke fita bai fi ɓawon albasa kauri ba. In na yi kankara goma a reshen sama, wato rabin bakan na sama, sai in yi goma a na ƙasa, in taka in ja, in duba ko sun lanƙwashe daidai. A rana ta shida reshen ƙasa ya fi na sama laushi. Na ajiye wuƙa na wuni ban taɓa bakan ba, washegari na bi reshen sama a hankali har suka daidaita. Na shafe shi da man kaɗanya, na gasa ƙarshen rassan biyu a kan garwashi na ɗan tanƙwara su, na naɗe mariƙin da jar fata ninki biyu don ya cika hannu. Kibau kuma na zaɓi kyauro mara nauyi, na sa maƙeri ya rage ƙarfen kai.

Da na gama na miƙa wa Malam don ya ɗaura tsirkiya. Ya ce, "Wanda ya fara shi zai ƙarasa." Ran nan na fara ɗaura tsirkiya a zauren.

Ran Asabar da hantsi muka fita bayan ganuwa ni da Malam. Mafarauta sun cika wurin da karnukansu, ƙwarya na reto a jikin kuka. Audu Dogo ya dubi bakan ya ce, "Baba, wannan ai ya fi na bara girma. Ko a ɗan matso da ƙwaryar?"

Sarkin Baka ya ce, "A bar ta inda kakanka ya same ta."

Ya ɗora kibiya ya fara ja. Na ga ya ɗan dakata a inda ya saba tsayawa, wajen ƙirji, sai kuma hannun ya ci gaba, ya wuce haɓa, ya kai kunne. Ya saki. Ƙwaryar ta rabe biyu, kibiyar ta kafe a jikin kukar. Wurin ya ɗauki ihu, masu ganga suka fara, karnuka suka rikice da haushi.

Sai Audu Dogo ya miƙa hannu ya ce, "Baba, ara mini in ji ƙarfinsa."

Ja ɗaya zai yi ya gane komai. Sarkin Baka ya rataye bakan a kafaɗa ya ce, "Ka jira in mutu, Audu. Ba zai daɗe ba, amma ba yau ba ne." Aka yi ta dariya, har shi Audun.

Bayan kwana biyu ya zo zaure da cinyar gada. Ya zauna, ya bi cikin bakan da babban yatsa tun daga sama har ƙasa, ya ce, "Tanimu, wannan ba hannunka ba ne."

Malam ya nuna ni. Dattijon ya dube ni ya ce, "Wa ka gaya wa?"

Na ce, "Babu abin faɗa, Baba. Itace ne ya zo da kyau."

Ya ce, "Haka nake gaya musu ni ma."

Da ya tafi, Malam ya jawo buzunsa gefe ya ce in shimfiɗa nawa kusa da shi, wurin da ake ɗaura tsirkiya. Daga ranar na hau hawa na uku. Sarkin Baka kuwa ya ƙara buɗe farauta sau huɗu da wannan bakan, kuma da kansa ya miƙa wa Audu shugabanci a gaban jama'a.

Abin da na koya shi ne, wanda ya dawo da baka yana zagin itace, ba kullum itacen ne damuwarsa ba. Mafarauci zai gaya maka komai game da daji, amma ba zai gaya maka inda ke masa ciwo ba. Kafin ku ɗauki gizago, ku kalli mutumin tukuna, yadda yake zama da yadda yake ɗaga hannu. Abin da kuka gani kuma ku sa shi a cikin aikin, kada ya fita daga bakinku.