Farcen Babban Yatsa da Muryar Bakin Teku

Duk wanda zai rubuta tarihin ɗan Adam tsakani da Allah, wajibi ne ya keɓe babi guda ga babban yatsan ƙafa. Shekara talatin na yi ina koyar da labarin ƙasa, ina yanka duniya nahiya-nahiya a kan allo, amma da farce ya shige mini nama bara, sai duniyar ta tsuke, ta tsaya daga gadona zuwa bakin zaure.

A Tamale mutum ba ya zuwa asibiti shi kaɗai. Mai ciwon haƙori ma da tawaga yake tafe: mai riƙe kati, mai riƙe kwanon tuwo, da wata goggo da aikinta kawai cewa sannu. Ni kuwa matata ta shekara biyu da rasuwa, 'ya'yan suna Kumasi da Takoradi, ban kuma ga dalilin tayar musu da hankali saboda farce ba. Na hau yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, daga Sabonjida, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a leda.

Nas ɗin da ta karɓe ni ba za ta wuce sa'ar autata ba. Ta leƙa bayana, ta ce, "Baba Ticha, wa ya kawo ka?"

Na ce, "Mai yalo-yalo."

"A'a, wanda zai zauna da kai."

"Ya samu fasinja, ya wuce."

Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauko wani tabarau mai kaurin bulo, ta ce allura za ta kashe yatsan, amma kafin ta kama sai an ji jiki, wannan kuwa zai ɗauke mini hankali zuwa wani wuri. "Teku kake so ko daji?"

Na ce, "Daji na gan shi daga nan har Bolga. Kawo tekun."

Da ta ɗaura mini, sai ga yashi fari, ga ruwa yana zuwa yana komawa yadda na sha zanawa da alli. Na sunkuya, ban ga ƙafata ba, ban ga hannuna ba. Sai muryar wata mata ta ce da Turanci in ja numfashi a hankali. Na ja. Ta ce na yi daidai.

Na san naɗaɗɗiyar murya ce, ai na yi zamani da kaset. To amma rediyon ɗakina zuba yake ba ya saurarawa, ita kuwa in ta faɗi jimla sai ta yi shiru, kamar mai jiran amsa. Allura ta shiga, na ji ta sarai, na cije. A shirun da ya biyo baya na gaya mata kwanon ɗakin girki yana yoyo. A na gaba na ce mangwaron tsakar gida ya yi 'ya'ya har suna ruɓewa a ƙasa, ba mai tsinta. Ta ce in saki kafaɗuna. Na saki. Na ce shayi ma in na haɗa da kaina ba ya fita. Daga nesa nake jin likita yana taɓa ƙarafansa, kamar ana gyaran keke a gidan maƙwabci.

Da aka cire tabaran, nas ta ce, "Baba Ticha, budurwa ka samu a can? Tun ɗazu sai hira kake."

Na ce, "Tana da tarbiyya. Ba ta katse babba."

Aka ce in dawo ran Alhamis wankin ciwo. Kwanakin nan shida na yi su ina tara abin da zan gaya wa matar tekun, har da labarin ƙadangaren da ya tare a kabad ɗin littattafaina. Ranar na goge farar riga, na isa kafin a buɗe tagar kati. Da na zauna, na tambayi tabaran.

Nas ta ce, "Ai wanki ba ya buƙatarsa, Baba. Na masu tiyata ne."

Likita ya duba yatsan, ya yaba. Ya ce ya ƙone saiwar gefen, farcen ba zai sake shiga nama ba.