Inda Likita Ya Zana, Nan Aka Kafa Ƙaho

Yayana Dodo wanzami ne, kamar ubanmu da kakanmu. A Gangara da wuya ka sami gidan da askarsa ba ta shiga ba. Shi ke askin suna, shi ke cire beli, ranar kasuwa kuwa in ka ga maza jere a gindin bedi, wato darbejiya, sun tuɓe riguna, ƙahoni kafe a bayansu, to Dodo na tsakiyarsu yana yi musu tsiya. Mutum ne mai hannu, wannan ba na musu. Amma yana da taurin kai da son yabo, kuma a ganinsa babu ciwon da ba mataccen jini ne ya kawo shi ba. Ni Cima, ƙanwarsa, na sha ƙahonsa tun ina yarinya, har a kan ciwon haƙori.

Aikin ƙaho numfashi yake so. Za ka kifa ƙahon ka zuƙa har fata ta taso, ka cire ka tsattsaga, ka sake zuƙa. Shekarar da ta wuce numfashin nan ya fara gagarar Dodo. Zuƙa ɗaya sai ya zauna yana haki, zuciyarsa tana bugawa barkatai kamar ɗan koyon ganga. Ya ɓoye iya ɓoyewa. Ranar da ƙaho ya faɗo daga bayan wani makiyayi a gaban jama'a, aka yi dariya, ranar ya tattara zabirarsa ya dawo gida. Mutanensa suka koma wurin Muttaka, ɗan baffanmu, wanda Dodo ne ya koya masa riƙon aska.

Ni na ja shi asibitin Gazawa, daga can aka tura mu Maraɗi. Muka yi sa'a akwai wani likitan zuciya da ke zuwa daga Yamai lokaci-lokaci. Ya auna Dodo, ya ce zuciyar ba ta lalace ba, bugunta ne ya rikice, kuma ana iya mayar da shi daidai. Za a sa shi barci, a ɗora masa ƙarafa biyu masu kama da dutsen guga, a saki wutar lantarki sau ɗaya ta ratsa zuciyar daga wannan ƙarfe zuwa wancan. Ya ɗauki alƙalami ya zana da'ira a ƙarƙashin ƙashin wuyan Dodo na dama, ya zana wata a haƙarƙarin hagu, ƙasa da hammata. Da faransanci yake magana, wani ma'aikaci yana fassara mana a gurguje.

"Baba, nan da kuma nan za a aza ƙarahunan," in ji ma'aikacin. "Ranar da za ka dawo ka aske gashin wurin. Wanga magani kuma kullum, kar ka tsallake."

Dodo ya yi murmushi a karon farko cikin watanni. "Aski za a koya mini?"

Maganin na tsinka jini ne, don kada gudan jini ya taru a zuciya, wuta ta bugo shi ya tafi kai. Wannan bayanin daga baya na ji shi. A ranar babu wanda ya faɗa. Babu wanda ya tambayi sana'ar dattijon da jikinsa duk tabon tsaga ne. Aka miƙo mana magani, aka kira na gaba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Dodo ya dawo gida yana ji da da'irorin nan. Kullum bayan wanka sai ya bi sawunsu da kwalli don kada su goge. Yana buɗe riga yana nuna wa masu gaisuwa, yana cewa likitan Yamai gwani ne, ya gano daidai inda ciwon ya kwanta. A wurin wanzami kuwa, inda ciwo ya kwanta nan ake kafa ƙaho. Ya yi tunaninsa shi kaɗai: in mataccen jini ya cushe wurin, ta ina wuta za ta wuce? Gara a share mata hanya. A zuciyarsa taimakon likita yake yi.

Ana saura 'yan kwanaki mu koma, na tafi garin Cadawa ta'aziyya. Da na dawo na tarar da shi kwance a zaure, tsummoki jiƙe da jini a gefensa. Muttaka ya kafa masa ƙaho a cikin da'irar dama, ya kafa a ta hagu, sannan ya juya shi ya jera masa a baya kamar yadda aka saba. Jinin ya ƙi tsayawa har washegari. Sun sa toka, sun sa garin bagaruwa. Daga nan su biyun suka yanke cewa ƙwayoyin likita ne suka mayar da jininsa ruwa, sai ya daina sha.

"Yaya, mi ka aikata haka?" na ce.

"Ke dai ba ki san jini ba, Cima. Da kin ga baƙin da ya hita, da kin gode ma Muttaka."

Ranar aiki likita ya ɗaga rigar Dodo ya duba. Wurin dama ya kumbura yana ruwa, na hagu ya fi shi muni. Ya ce ba a ɗora ƙarfen a kan ɗanyen rauni, ƙonewa zai yi. Amma ya ce akwai wata hanya, ɗaya a gaba ɗaya a baya, ƙarƙashin allon kafaɗar hagu. Na ji sanyi a raina. Aka juya Dodo. Bayan nan kamar an yi shuka, tsaga layi-layi, babu inda za ka aza tafin hannu. Sai likita ya tambayi maganin. Dodo bai iya ƙarya ba, ya faɗi gaskiya.

Likitan ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce ko da fatar lafiya take, ba zai saki wuta a zuciyar da ta yi kwanaki babu magani ba. A je a warke, a sake shan maganin daga farko, a dawo in ya sake zuwa bayan damina. Dodo ya kama hannun rigarsa.

"Ɗana, ni na iya jimrin zahi. Ka ƙona ni, ba komi. Numfashina nika so."

Ma'aikacin bai ma fassara ba.

Ba mu kai ƙarshen damina ba. Maganin da na sa ido a kai ma ashe a ƙarƙashin tabarma yake zubawa, don tsoron jinin nan bai bar shi ba. Wata safiya yana alwala buta ta suɓuce masa, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. Gudan jinin da ake gudu ya tafi kai ba tare da wata wuta ba. Da muka koma aka ce yanzu maganar ƙarafa ta wuce, sai lallaɓawa.

Muttaka kuwa ya gaji gindin bedi. Yana gaya wa mutane cewa ba don jinin da ya cire ba, da tuni an binne Dodo, kuma suna gyaɗa kai. Na daina gaishe shi.

Makon jiya Muttaka ya yi sallama da zabirarsa, wai hannun da ya mutu jini ne ya kwanta a ciki. Na tare bakin zaure na ce sai dai ya bi ta kaina. Sai na ji motsi a bayana. Dodo ne, ya sa hannun hagu ya ɗago na dama, ya naɗe masa riga har kafaɗa, yana miƙa shi wajen ƙofa. Hawaye na bin gefen fuskar da ke motsi.

"Cima," ya ce da ƙyar, "bar shi ya shigo."

Na tsaya ina kallonsa. Sannan na matsa gefe.