Lambar da Soso Ya Cinye

Sun sayar mata da ƙarin garanti a kan injin wanki, injin ya mutu tun garantin bai ƙare ba, suka ce ba za su gyara ba. Laifinta kuwa, wai ta cika tsafta.

Mai Soso ake ce mata a layinsu, kuma ba a banza ta sami sunan ba. Tun tana da ƙarfinta take aikin goge-goge a wani dogon bene mai ofisoshi. Ita ce ta farko a shiga, kafin masu takalma masu ƙara su iso ta gama da matakala, da bayan gida, da tagogi. Shugabar masu sharar wurin ba ta taɓa duba tsakiyar ɗaki ba. Bayan kabad take zura yatsa, ta ɗago shi ta kalla. A hannun wannan mata Mai Soso ta koyi cewa abin da ido ba ya gani shi ake fara wankewa.

Aikin ya fara cin gwiwoyinta, sannan ya koma kan yatsunta. Lokacin da aka sallame ta, gaɓoɓin sun kumbura sun karkace kamar citta, ko murfin kwalba sai ta sa haƙori. Tana murnar za ta huta, sai ɓarin jikin maigidanta ya shanye. Tsohon direban babbar mota ne, mutum mai yawan barkwanci, ya dawo kwance a ɗaki sai an juya shi. Zanen gadonsa kullum sai an canja, wata rana safe da yamma. Wankin ba shi ne wuyar ba, matsar ce. Mai yatsu irin nata ba ta matse jiƙaƙƙen zanen gado sai da hawaye.

Shi ya sa da kuɗin sallamarta suka fito, ba ta yi shawara da kowa ba sai 'yarta, malamar makaranta, wadda ta raka ta kantin kayan lantarki. Suka zaɓi farin inji mai ƙofar gilashi a gaba. Har sun nufi wurin biya, mai sayarwar ya sha gabansu yana murza hannu.

"Mama, garantin kamfani na shekara ɗaya ne fa. Injinan nan kuwa kamar suna duba kalanda. Ranar da garanti ya ƙare, washegari su fara tari."

"Umma, mu tafi," in ji 'yar. "In ya lalace ga mai gyara nan a bakin layi."

"Na bakin layi?" Ya yi 'yar dariya. "Wanda zai ciro kusa biyar ya mayar da uku? Mama, ki ƙara kaɗan kawai, mu ɗauke miki tunani. Ko tsakar rana ya tsaya, waya ɗaya za ki yi. Gyara namu, kayan gyara namu, ke dai ki zauna ki miƙe ƙafa."

Ba a taɓa ce wa Mai Soso ta zauna ta miƙe ƙafa ba. Ta kwance bakin zaninta ta biya. A hanya 'yar tana ta mita, ita kuwa ta ce, "Ke ba ki san daɗin a ce wani zai ɗauke miki abu ba, don ba ki taɓa ɗauka ba."

Yaran kantin ne da kansu suka kawo injin a motarsu, suka kafa shi a lungun da ke tsakanin kicin da banɗaki, suka sha ruwa suka tafi. Ya yi mata aiki, ba za a ci haƙƙinsa ba. Yatsunta suka ɗan sace, har ta koma iya ɗaura ɗankwali ba tare da ta cije leɓe ba. Ita ma ta riƙe shi da amana. Duk bayan wanki sai ta goge cikinsa, ta bi robar ƙofar da tsumma, sannan ta tura shi da ƙugu ta raba shi da bango, ta bi bayansa da soso da ruwan bilic. A can bayan akwai wata 'yar takarda mai ƙyalli da aka manna, ƙura tana son maƙalewa a gefenta, don haka nan ta fi dirzawa. Baƙin rubutun da ke kai ya riƙa dusashewa a hankali. Ita a ganinta datti ne yake fita.

Maigidan yakan jiyo ƙarar jan injin daga ɗaki, ya ce da karkataccen bakinsa, "Mai Soso, ki bar wa kamfani ɗan fentinsu mana. Ni dai na gode Allah da ba na tsaye, da tuni kin goge ni na ɓace."

"Ka yi shiru, kai ne na gaba," takan ce.

Ana cikin shekara ta biyu, wata safiya injin ya yi gurnani, ya girgiza, ya tsaya cik da ruwa da zanen gado a cikinsa. Mai Soso ba ta ko damu ba. Ta ɗauko waya tana kallon 'yarta da alamar ai na faɗa miki. Wayar da aka ce ɗaya ce ta zama ta kullum. A sa mata kiɗa a kunne, a ce ta jira, a ce wanda ke kula da sashen ya fita cin abinci. Sai da wata ya kusa juyawa aka ce ma'aikacinsu yana tafe.

Ranar da zai zo ta tashi da himma. Ba za a ce baƙo ya shigo gidanta ya ga bayan inji da ƙura ba. Ta ja shi, ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata, ta dirje ko'ina. 'Yar ta ce har zuwa wannan safiya, in an karkata fitila ana iya ganin inuwar lambobin. Bayan sosan ranar, takardar ta fito fes kamar cokali.

Ma'aikacin ya zo da jakar kayan aiki, amma ko zif ɗinta bai ja ba. Ya leƙa bayan injin, ya haska fitilar wayarsa, ya miƙe.

"Mama, ina lambar?"

"Wace lamba?"

"Lambar injin. Nan take zama."

"Ga ta a rasit, ɗan nan. Na ajiye shi a leda."

"Ta rasit daban. Sai na ga ta jikin injin ta yi daidai da ita. In ba haka ba, ta yaya zan san wannan ne kika saya a wurinmu?"

Ta dube shi, ta dubi injin. "To wanne ne? Mataccen inji na sato na kawo lungun banɗakina, na zuba masa ruwa da zanen mijina?"

"Ni dai haka aka ce mu yi."

Daga ɗaki maigidan ya ce, "Malam, ka duba da kyau, wataƙila lambar tana cikin soson." Ma'aikacin ya yi murmushin yaƙe, ya ɗauki hoton farar takardar, ya rataya jakarsa.

Ta bi su har ofis, ta hau matakala irin waɗanda ta ƙare ƙuruciyarta tana gogewa, har ta lura ba a share kusurwoyinsu. Wata budurwa a bayan tebur ta saurare ta ido yana kan kwamfuta.

"An rubuta cewa an goge lamba, Mama. In an goge lamba, kwamfuta ba ta karɓa."

"Ai mutanenku ne suka kawo shi. Ki tambaye su."

"Sun bar aiki. Za mu tura ƙorafinki sama. Amma kada ki bari wani na waje ya taɓa shi, in ya buɗe shi magana ta ƙare."

Nan ne ƙullin yake. Mai gyaran bakin layi ya leƙo, ya saurari bayani, ya ce ga dukkan alamu famfon da ke fitar da ruwa ne, aikin yini guda. 'Yar ta ce a ba shi. Mai Soso ta ce a'a. Ba ta da kuɗin gyara biyu, wanda ta riga ta biya da wanda za ta biya, kuma an ce maganarta tana sama. Da ba ta sayi garantin nan ba, da tuni injin yana juyawa. Ta biya kuɗi ne aka ɗaure mata hannu.

Yanzu ta koma baho. Takan naɗe bakin zanen a jikin famfo, ta riƙe ɗaya bakin da gwiwar hannu, ta yi ta juya jikinta har ruwan ya tsane. In ta gama sai ta tsoma yatsun a ruwan ɗumi kafin su yarda su miƙe. Ba ta ƙorafi a gaban maigidan, amma kunnensa bai shanye ba. Ya daina barkwanci. Ya kuma daina shan ruwa daga la'asar, don kada ya jiƙa shimfiɗa, alhali likita ya ce ƙodarsa tana bukatar ruwa. Takan kai kofin bakinsa, ya kau da kai ya ce ba ya jin ƙishi, leɓensa kuwa duk ya tsage.

Ku masu kantin, da ku masu garantin da ke sama, ko wane sama ne: ranar da kuka karɓi kuɗinta ba ku ce mata kada ta wanke abinta ba. Kun manna lamba da tawadar da soso ke ɗaukewa, kun sayar wa matar da aikinta ke nan. Kuna da adireshin gidan da motarku ta kai injin. Ku turo mutum da jakar da za a buɗe, a gyara shi a makon nan. In ba za ku iya ba, ku mayar mata da kuɗin garantinta, ku faɗa mata da bakinku cewa ta kira na bakin layi. Akwai dattijon da ke kwana da ƙishirwa yana jiran ku yanke shawara.